Iware: Kura da Shan Bugu, Gardi da Karɓar Kuɗi

Duk mai son ganin arzikin Taraba da idonsa, ya bar ofisoshin Jalingo ya kama hanyar Wukari, ya tsaya a Iware ranar kasuwa. Kafin hantsi kara ta cika ta batse, ƙura ta turnuƙe, tireloli sun jeru suna jiran a loda musu shanun da za su nufi kudu. Can gefe ga tulin doyar Mumuye, ga buhunan masara da shinkafa, ga kifi banda daga bakin Binuwai. Manomi da makiyayi da masunci ne suka haɗa wannan dukiya da guminsu, kuma su ne za ka gani da yamma suna komawa gida da silifas a tsinke.

Na taɓa tsayawa kusa da wani dattijo Bafulatani da ya kawo bijimi, sandarsa a kafaɗa. Aka yi ta tayi yana cewa albarka, har dai ya sallama. Kafin kuɗin su shiga aljihunsa an cire la'ada, an yanki rasit. Na ce, "Baffa, ina sauran garken?" Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, "Ɗana, burtalin da mahaifina ya bi da ni ina yaro, yau wani mai hali ya zagaye shi da waya. Mashayar ma tana ciki." Bai zagi manomi ko ɗaya ba. Ya san wanda ya tare masa hanya ba ya riƙe fartanya.

Abin da ke ƙona mini rai ke nan. Hukuma ta san mutumin karkara sarai ranar karɓa. Tana da rasit na sa, na buhu, na rumfa, ga shingaye a kan hanya kowanne da mai miƙo hannu. Ranar da ciwo ya faɗa wa garke, ko ruwa ya cinye gona, sai a nemi mai rasit a rasa. Ina likitan dabbobin da kuɗin kara ya kamata su ajiye? Ina rumbun da manomi zai adana hatsinsa, don kada 'yan baranda su saye shi a wulaƙance da kaka, su dawo su sayar masa ninki biyu da bazara?

Mu tuna Gasol, maƙwabciyar Ardo Kola, ƙaramar hukumar da Iware take ciki. A 2012 aka ƙulla yarjejeniya da kamfanin Dominion Farms na Amurka a kan hekta 30,000 don noman shinkafa, a fadamar da ƙananan manoma da masunta da makiyaya suka daɗe suna ci daga gare ta. Rahoton da wasu ƙungiyoyin kare haƙƙin manoma suka fitar a 2015 ya kawo kukan mutanen wurin cewa ba a yi shawara da su ba. Aikin ya watse daga baya, amma darasinsa yana nan: alƙalami ɗaya ya isa ya raba dubban mutane da gadonsu. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ɗora ƙasa a hannun gwamna a matsayin amana. Wace irin amana ce ake kyauta da ita masu ita ba su sani ba?

A 2017 gwamnatin Taraba ta Darius Ishaku ta kafa dokar hana kiwon sake, tun ba a tanadi wuraren killace dabbobin ba. A farkon 2018 aka jingine aiwatar da ita. Tun 1965 gwamnatin Arewa ta yi dokar keɓe wuraren kiwo, amma je ka nemi iyakokinsu yau. An bar labi ya zama gona, gona ta zama filin sayarwa, sannan aka saki makiyayi da manomi a ɗan abin da ya rage. Idan saniya ta shiga kunyar doya aka zubar da jini, sai a ce rikicin ƙabilanci ne ko na addini. Ban wanke mai yi wa gonar wani ɓarna da gangan ba, ban kuma wanke mai sare dabba ba. Kowanne a hukunta shi. Sai dai wanda ya ƙuntata ƙasar shi ne uban rikicin, kuma ba a taɓa ganin gawar ɗansa a daji ba.

Masunci kuwa ko a lissafi ba a sa shi. Ana tunawa da shi ne lokacin bikin kamun kifi na Nwonyo a Ibi. A 2012 da 2022 Binuwai ta yi ambaliya, ga ruwan da aka sako daga madatsar Lagdo ta Kamaru, ta kwashe taru da koma da gonakin bakin kogi. Masuntan Lau da Ibi nawa aka mayar wa jarinsu? A damunar 2024 gadar Namnai, a kan wannan hanya da ta ratsa Iware, ta karye. Wata da watanni mutane da kaya suna ƙetarewa a kwale-kwale, kuɗin mota ya hau, ga tsadar mai tun cire tallafi a 2023. Ɗan kasuwa ba ya ɗaukar wannan asara, a farashin manomi yake zaftare ta.

A 2003 shugabannin Afirka suka yi alƙawari a Maputo cewa kashi 10 cikin ɗari na kasafi zai tafi ga noma. Har yau kasafin tarayya bai kai nan ba. A 2024 aka kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo ta Tarayya. Ranar da dattijon nan ya samu mashaya, ranar zan yarda an kafa ta.

Buƙatunmu a fili suke. Gwamna Agbu Kefas da ƙaramar hukumar Ardo Kola su bayyana abin da kasuwar Iware ke tarawa da inda yake tafiya. A shata burtali da mashaya a gaban jauro da arɗo da manoman da abin ya shafa, a kafa alama kowa ya gani. Dokar 1978 ɗin nan ta bai wa ƙaramar hukuma ikon ba da takardar mallakar gona ta gargajiya, to a sauƙaƙa ta har bazawara mai kadada ɗaya ta samu. Kada a ƙara miƙa wa wani kamfani fadama sai masu ita sun zauna sun amince.

Ku kuma 'yan uwana masu fartanya da sanda da taru, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kasuwa ɗaya kuke ci, hannu ɗaya ke yankar muku rasit. Ku zauna inuwa ɗaya, ku tsayar da wakilanku, ku tafi Sunkani, hedikwatar Ardo Kola, da Jalingo da rasit ɗinku a hannu, ku tambaya me aka yi muku da kuɗinku. Wanda ya ciyar da gari yana da bakin tambaya.