Kafin masana'antun madara su yawaita, a san inda ruwan wankinsu zai nufa

Tun da Shugaba Bola Tinubu ya kafa ma'aikatar bunƙasa kiwon dabbobi a 2024, maganar da ake ta yi ita ce yadda za a ƙara madarar gida a rage shigo da ta gari daga waje. Ba a cika tada zancen ruwan da ke fita ta bayan masana'anta ba.

Duk mai sarrafa yogot ko cuku yana wanke tankuna da bututu kullum, ruwan wankin kuwa ɗauke yake da maiƙo da sukarin madara da furotin. Farinsa kan sa a raina shi. Alhali madara zalla, idan ta ruɓe a rafi, ta fi ruwan kwatami cinye iskar oksijin sau ɗaruruwa, sai kifi ya mace. Furotin kuma yakan koma amoniya, daga nan ya zama naitiret mai tsiyaya cikin rijiyoyi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade miligiram 50 na naitiret a kowace litar ruwan sha, domin yawansa na hana jinin jarirai ɗaukar iska.

Maganin ba sabo ba ne. Tun 1914 aka nuna a Manchester ta Ingila cewa bakteriya na cinye dattin ruwa idan ana hura musu iska. A tankin da ake hura iskar, wani jinsinsu na mayar da amoniya naitiret. A tanki na biyu, inda aka hana iska, wasu kuma su ci ragowar madarar suna shaƙar naitiret ɗin, har ya fice a matsayin iskar naitirojin, wadda dama ita ce kashi 78 cikin 100 na iskar duniya. Wato datti ɗaya ke kawar da ɗaya. Zafin arewa ma gata ne, don ƙwayoyin sun fi kuzari a ɗumi.

Inda gizo ke saƙa shi ne lantarki. Injin hura iska ba ya hutu. Ya daɗe a kashe, masu sarrafa amoniya su lalace, farfaɗowarsu kuma sai an yi makonni. Shi ya sa ya dace a fara da rufaffen tanki mai samar da iskar gas daga ruɓewar dattin, gas ɗin ya taimaka wa janareta. Sai dai kada a tura masa ruwan duka, in ba haka ba masu cire naitiret su rasa abinci, a koma sayo musu sinadari da kuɗi.

Hukumar NESREA na da ƙa'idojin masana'antun abinci da abin sha tun 2009. Mutanen Kano sun ga abin da ruwan majemu ya yi wa kogin Challawa. Kamata ya yi duk gwamnatin da za ta ba kamfanin madara fili ko rangwamen haraji ta nemi ganin zanen matatar ruwansa tukuna, sannan a riƙa auna ruwan rijiyoyin maƙwabta a kafe sakamakon inda jama'a za su gani.