Leƙa Duniya: Ribaɗin da Ke Bakin Tekun Sifaniya

'Yan uwana ɗalibai, duk wanda bai yi gyangyaɗi a ajin tarihi ba zai tuna da ribaɗi, wato garuruwan tsaro irin su Wurno da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa. To, wannan kalma ta Larabci tana nan a kudancin Sifaniya, harshen mutanen can ya lanƙwasa ta ta koma La Rabida, gado daga zamanin Musulmin Andalus. Yau sunan wani tsohon gidan ibada ne na fada-fadan ɗarikar Faransiskan ta Katolika, a kan tudu inda kogin Tinto ya haɗu da na Odiyel, dab da garin Falos.

Nan Kiristofa Kolumbus ya sauka a 1485 tare da ɗansa Diyego, bayan Sarkin Fotugal ya yi watsi da shirinsa na ratsa teku ta yamma. Fada-fadan suka ba shi masauki, ɗayansu, Huwan Feres, ya yi masa hanya wajen Sarauniya Isabela. Ranar 3 ga Agusta 1492 jiragensa uku suka tashi daga Falos. 'Yan asalin nahiyar Amurka dai ba su ji daɗin abin da ya biyo baya ba.

A 1835 gwamnati ta ƙwace gidan, ya zama kango har aka yi niyyar rushe shi. Gwamnan lardin ne ya ƙi, kuma a 1856 aka sa shi cikin kayan tarihin ƙasa.

Baƙi don Kolumbus suke zuwa, amma ni abin da ya fi jan hankalina ziyarar mutanen Falos ce. A gidan akwai ɗan ƙaramin mutum-mutumin Maryam na farin dutse, tsawonsa bai kai kamu biyu ba. Tsofaffi na cewa an ɓoye shi a teku lokacin yaƙi, har wata rana ya fito a komar masunta. Labarin baka ne, amma a wurinsu da nauyinsa. Fafaroma Jon Fol na Biyu ya sa masa kambi a 1993.

Kowace shekara a farkon Agusta ana ɗaukarsa a kafaɗa zuwa cocin garin. A ƙarshen watan sai a rako shi gida, wasu a ƙafa, wasu a kan dawaki da kekunan doki, mata sanye da dogayen riguna masu tattara. Iyalai kan kafa rumfuna a inuwar itatuwa kusa da gidan, a yi addu'a, a yi girki, a kwana ana kiɗa da waƙa.