Haƙurin da ka yi wa Arteta, ka yi wa kocin garinku

Ɗan'uwa matashi, yau da kai nake. Kai da ke 'Yankuzo, ko Tsafe, ko Bungudu, ko cikin Gusau, wanda da zarar ƙungiyarku ta sha kashi, kafin 'yan wasa su kwance igiyar takalmi ka riga ka hau Facebook ka rubuta: "Wannan kocin bai san komai ba, a kore shi kawai." Kafin isha'i mutum hamsin sun danna maka alamar so, wani ya haɗa hoton kocin da kan jaki ya tura zauren WhatsApp, wani ya shigo da iyayensa cikin maganar. Ke ma 'yar'uwa ba a bar ki a baya ba, don yanzu mata ma sun iya yankan baƙar magana a kan ƙwallo.

Haushin da kake ji gaskiya ne, wanda bai damu da ƙungiya ba ai ba ya jin ciwon faɗuwarta. Tambayata guda ce: mene ne ka auna kafin ka yanke wa mutumin nan hukunci?

Mu fara daga gidan kallo, tunda a nan muka fi ƙwarewa. An ba Mikel Arteta aikin horar da Arsenal a watan Disambar 2019. Ya ci kofin FA a 2020, amma a teburin Firimiya sau biyu a jere yana ƙarewa a matsayi na takwas. Da aka shiga kakar 2021, wasa uku na farko duk ya sha kashi: Brentford ta yi masa 2, Chelsea ta yi masa 2, Manchester City ta zuba masa 5, shi ko ɗaya bai ci ba. Arsenal ta koma ƙasan teburi, duniya ta ɗauka da ihun a kore shi. Masu kulob ɗin suka toshe kunne. Ya sallami manyan da suka fi ƙarfin umarni, ya kafa ƙungiyar a kan yara irin su Bukayo Saka. A 2022 suka zo na biyar, sannan suka zo na biyu a 2023 da 2024 da 2025. Ɗan Arsenal na garinku ya sha gori shekara da shekaru, yana murmushi yana cewa "gini ake yi". To, wannan ɗan Arsenal ɗin, ranar da ƙungiyar unguwarsu ta yi rashin nasara biyu a jere, shi ne kan gaba wajen jifan koci da baƙar magana. Ka yi wa baƙon da ke Landan, wanda bai san da zamanka ba, uzurin shekara uku, amma ka kasa yi wa wanda kuke sallah sahu ɗaya uzurin mako uku. Haba!

'Yan Manchester United kuma ku matso kusa. Alex Ferguson ya zo a Nuwamban 1986. Bai ɗaga kofi ko ɗaya ba sai 1990, kuma a wannan kakar na 13 ya ƙare a teburi. Kofin gasar lig na farko sai 1993 ya zo. Da a zamanin TikTok ne, da tuni an raka shi tasha. Aka bar shi, ya ci gasar sau 13 kafin ya ajiye aiki a 2013. Daga tafiyarsa aka shiga sauya koci kamar sauya riga: Moyes, Van Gaal, Mourinho, Solskjaer, Ten Hag, Amorim. A kakar da ta ƙare a 2025, na 15 ƙungiyar ta zo. Kowane sabon koci sai ya rushe ginin na baya ya sake haƙa tushe, kafin ya kai linta an kore shi. Sauri ya haifi nawa ke nan.

Kada ka ce ai wannan harkar Turawa ce. A nan gida ma mun gani. Clemens Westerhof ya karɓi Super Eagles a 1989. Wasansa na farko a gasar cin kofin Afirka ta 1990, Aljeriya ta lallasa Najeriya da ci 5 da 1. Cikin tawagar akwai yara sabbin jini, har da Daniel Amokachi da aka ɗauko daga Ranchers Bees ta Kaduna. Duk da wannan dukan, sun kai wasan ƙarshe. A 1992 suka zo na uku. Sai a 1994, shekara biyar da zuwansa, Najeriya ta ɗauko kofin a Tunisiya, kuma ta je gasar cin kofin duniya karon farko a tarihi, a Amurka. Tawagar da iyayenmu ke ta ba mu labarinta har gobe, ba a wata uku aka haɗa ta ba. Ka kwatanta da abin da muka gani kwanan nan: wasannin neman gurbin kofin duniya na 2026, Jose Peseiro ya fara, Finidi George ya karɓa, Eric Chelle ya ƙarasa. Koci uku a tafiya ɗaya, kuma gurbin bai samu ba.

Akwai kuma Remo Stars ta garin Ikenne a jihar Ogun. Ƙungiya ce da ta faɗa rukunin 'yan dagaji a 2017, ta dawo, ta sake faɗawa a 2019. A 2022 aka damƙa ta a hannun Daniel Ogunmodede. Ya zo na biyu a 2023, ya sake zuwa na biyu a 2024. A wasu wuraren da tuni an ce ba shi da sa'a, a nemo wani. Aka ƙyale shi, a 2025 ya ci musu gasar Firimiyar Najeriya karon farko. Bayan haƙurin kuma akwai filin wasa mai kyau da makarantar rainon yara 'yan ƙwallo, wato dai an ba shi kayan aiki sannan aka ba shi lokaci.

Yanzu ka juyo ka dubi abin da fushin 'yan kallo ke jawowa. Kano Pillars ta ci gasar ƙasar nan a 2008 da 2012 da 2013 da 2014, ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar zakarun Afirka a 2009. A watan Afrilun 2022, a wasanta da Katsina United a filin Sani Abacha, wasu magoya baya suka fusata, aka tayar da hargitsi, aka farfasa motar baƙi. Hukumar gasar ta zaftare wa Pillars maki uku, ta ci ta tarar miliyoyin naira, ta kuma mayar da wasanninta na gida Abuja. Ƙarshen kakar, Sai Masu Gida ta faɗa rukuni na ƙasa. Ƙungiyar da ke neman maki ruwa a jallo, masoyanta ne suka ƙara zubar mata da wanda ta tara. Wanda ya ɗauki dutse a ranar yana ganin kishi yake yi, alhali wuƙa ya daɓa wa abin da yake so.

Mu a Zamfara ma ba baƙin wannan ciwon ba ne. Zamfara United ta taɓa fafatawa a babbar gasar ƙasa, manyan ƙungiyoyi suna zuwa filin wasa na tunawa da Sardauna a Gusau. Tun da ta faɗo a 2011, yaran da aka haifa a shekarar yanzu sun zama samari. Duk wanda zai mayar da ƙungiya irin wannan sama, aikin shekaru ne a gabansa, kuma daga filayen ƙauyuka da makarantu zai samo 'yan wasan.

A nan ne maganar ta dawo kan kocin garinku, ko malamin wasanni na makarantarku, ko wanda ke riƙe da tawagar kwalejinku. Ka taɓa zama ka lissafa abin da yake fama da shi? Arteta idan ya rasa ɗan wasa, kasuwa zai shiga da miliyoyin fam. Naku kocin, yaron da ya shekara biyu yana koya wa tsaron gida, rana ɗaya zai ji ya tafi ci-rani Legas, ko ya tafi haƙar zinari, ko iyayensa sun tashi sun koma Gusau ko Funtuwa saboda rashin tsaro. Na kwaleji kuwa kowace shekara manyan 'yan wasansa kammala karatu suke su tafi, dole ya sake farawa da sabbin shiga. Da damina rabin tawaga na gona. Wasan sada zumunta a wani gari, sai an yi shawara da iyaye, an duba hanya, an duba lokacin dawowa, wani lokacin a fasa. Ka tuna watan Satumban 2021, lokacin da aka rufe makarantu a faɗin jihar, aka katse layukan waya? Yaran da ya kamata a ce suna koyon ƙwallo a filin makaranta a lokacin, zaman gida suka yi. Wannan giɓin sai bayan shekaru yake bayyana a cikin fili. Galibin irin waɗannan kococin ko sisi ba a biyan su. Da kuɗin aljihunsu suke facin ƙwallo, su sayi ruwan leda, su kai wanda ya ji ciwo kemis.

Kuma aikin nasu ya wuce cin kofi. A yankin da zaman banza ke iya kai yaro ga ƙwaya ko ga abin da ya fi ƙwaya muni, mutumin da ke tara samari talatin kowace yamma, ya sa su gudu, ya koya musu zuwa kan lokaci da bin umarni, yana yi wa gari aikin da kuɗi ba zai biya ba. Ranar da zaginku ya ishe shi ya ajiye usur, wa zai ɗauka? Kai da ka rubuta a kore shi, za ka fito atisaye ƙarfe huɗu kullum? Sau da yawa ba a samun wanda ya fi shi, ƙungiyar ce ke watsewa, filin ya koma wurin shanya.

Na san abin da za ka ce. Ai Kwaddibuwa ta kori kocinta ana tsakiyar gasar Afirka a farkon 2024, Emerse Faé ya karɓa, ya doke mu 2 da 1 a wasan ƙarshe. Ai Chelsea a zamanin Abramovich kora take tana cin kofi. Haka ne. Amma dubi bambancin: Kwaddibuwa tana da ginanniyar tawaga cike da ƙwararru, direba kawai aka sauya wa mota mai lafiya. Chelsea kuwa kuɗi ne ke toshe ɓarakar. Ƙungiyar da ake ginawa daga tushe, wadda ba ta da ko ɗaya cikin biyun nan, sauya koci ba ya ƙara mata komai sai komawa farko.

Ban ce kowane koci ya cancanci haƙuri ba. Akwai wanda "gini muke yi" ta zame masa mafaka, shekara biyar yana gini ba a ga ko bulo ɗaya ba. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, don haka ga abin da za ka duba maimakon sakamakon wasa ɗaya.

Na farko, ka dubi salon wasan. Ko an ci su, kana ganin abin da suke ƙoƙarin yi, ko kuwa kowa dukan ƙwallo yake inda ta faɗa? Na biyu, ka dubi yaran. Wanda bara bai iya tare ƙwallo ba, bana ya iya? Ana ba ƙanana dama, ko kullum haya ake ɗaukowa daga wani gari ranar gasa? Na uku, ka kwatanta bana da bara, ba yau da jiya ba. Idan bara ana zuba muku huɗu, bana da ƙyar ake cin ku ɗaya, tafiya tana tafiya. Na huɗu, ka dubi atisaye. 'Yan wasa na zuwa kan lokaci? Suna jin maganarsa? Ƙungiyar da 'yan wasanta suka daina sauraron koci, ta mutu ko da tana cin wasa. Na biyar, wanda ya fi duka, ka dubi amanarsa. Idan yana karɓar kuɗi kafin ya ba yaro riga, ko yana fifita ɗan gidan mai kuɗi, ko yana rage wa gardi shekaru a saka shi gasar yara, ko yana cin kuɗin gudummawa, wannan ba haƙuri ya kamace shi ba, a sauke shi yau, ko da kofi goma ya ci.

Idan ka duba waɗannan ka ga alamun ci gaba, ba shi kaka biyu ko uku. Ai mu manoma ne, mun san gero wata uku ake jira, amma wanda ya dasa mangwaro sai ya yi shekaru yana ban ruwa kafin ya ga ɗa. Ba wanda ke tone iri kowace safiya don ya ga ko ya tsiro. Idan kuwa lokacin ya cika ba alama ko ɗaya, sai a zauna da shugabannin ƙungiya a yi magana ta hankali, a gode masa, a nemi wani. Suka daban, cin mutunci daban. "Me ya sa ka cire wane a minti na sittin?" tambaya ce. Zagin uwar mutum kuwa rashin tarbiyya ne, kuma abin da ka rubuta a intanet yana nan, ƙannenka na karantawa, 'ya'yansa ma na karantawa.

Sannan a daina barin jaki ana dukan taiki. Yawancin manyan ƙungiyoyin ƙasar nan mallakar gwamnatocin jihohi ne, kuma kowa ya san labarin 'yan wasan da ke bin bashin albashi da alawus na watanni. Koci shi ne ake gani a bakin fili, shi ya sa shi ke shan jifa. Idan datar taka ta yi yawa, ka tambayi masu riƙe da kuɗin: nawa aka ware wa wasanni a kasafin bana, kuma nawa aka saki? Yaushe rabon da a yi gasar makarantun sakandare a ƙaramar hukumarku? Me ya sa filin makarantarku babu ko turken raga? Waɗannan tambayoyin sun fi "a kore shi" wahalar rubutawa, amma su ne ke sauya al'amura.

Ahmed Musa, kafin duniya ta san shi, a Jos ya taso yana buga ƙwallo, ya bi ta JUTH, ya zo Kano Pillars ya ci ƙwallo 18 a kaka ɗaya. Akwai waɗanda suka tsaya a kansa tun yana yaro, a lokacin da ba mai ɗaukar su hoto. Wa ya sani ko irinsa na nan cikin yaran da kuke yi wa ihu a filin 'Yankuzo?

Saboda haka, wasa na gaba idan aka ci ku, ka ajiye wayar zuwa safiya. Washegari da yamma ka leƙa wurin atisaye ka ga abin da ake yi da idonka, gani ya kori ji. In da hali ka riƙo ledar ruwa. In kuma dole sai ka yi rubutu, ka ɗauki bidiyon yaron da ya fi burge ka ka ɗora, ka ambaci sunan ƙungiyar da garin. Allah Ya ba mu zaman lafiya a Zamfara, Ya dawo mana da ranar da za a cika mota a tafi kallon wasa wani gari a dawo bayan magariba ba fargaba.