Faɗuwar Gaba Ba Wahayi Ba Ce, Daraktoci Ku Daina Ruɗa Mutane

Akwai wata fitowa da ta zame wa finafinanmu na Hausa gado, tun zamanin kaset har zuwa yau da ake kallon masu dogon zango a YouTube da Arewa24. Yaro ya saɓa jaka zai yi tafiya, sai uwa ta dafe ƙirji ta ce, "Ɗan nan, gabana faɗuwa yake yi, ka haƙura da tafiyar nan." Ko kuma ya yi tuntuɓe da ƙafar hagu a bakin zaure. Shi ke nan, ɗan kallo ya san sauran: kiɗan tausayi, mota ta wuntsila, sai makara. Da wuya ka ga fim ɗin da gaban uwa ya faɗi amma ɗan ya dawo lafiya da tsarabarsa.

Wannan lalaci ne irin na marubucin da ya kasa ƙulla labari. Da a kan lalaci abin ya tsaya, da sai mu yi shiru. Matsalar ita ce akwai masu ɗaukar darasin.

Mai karatu, leƙa ƙauyukan Ɗambatta da Makoɗa da Kunchi da Bichi, inda gona ta haɗe da gona. Rayuwar mutanen nan tafiya ce: cin kasuwar Ɗambatta ran Lahadi, kai hatsi Dawanau, fita cin rani bayan kaka, kai mara lafiya asibiti. Can ma, kamar ko'ina a ƙasar Hausa, camfi ya daɗe da zama. Ƙaiƙayin tafin ƙafa, wai tafiya ta kama ka. Rawar ido, wai za ka ga baƙo. Tuntuɓen hagu, wai ka koma gida. Malamai suna wa'azi a kan abin, mu kuma muna kawo hujjar ƙarya mai launi da sauti har cikin wayar mutum.

Jiki yana magana, gaskiya ne, amma labarin kansa yake bayarwa. Rawar ido galibi gajiya ce da ƙarancin barci. Ƙaiƙayin ƙafa kan zo daga bushewar fata da kaushi lokacin hunturu, kuma idan ya zo da jin kamar ana tsira allura ko ƙafa ta riƙa mutuwa, yana iya zama alamar ciwon suga. Yawan bugun zuciya ga mai juna biyu yana iya nuna ƙarancin jini. To ka ga ke nan, abin da fim ke cewa dalilin fasa tafiya ne, shi ne ainihin dalilin hawa mota a nufi asibiti. Matar da ta zauna a ɗaki tana jiran "gabanta ya kwanta", wa zai ɗauki alhakinta?

Na san amsar furodusoshi: "Ai al'adarmu ce muke nunawa." Malam, nuna abu daban, gaskata shi daban. Babu wanda ya hana ka sa tsohuwa ta yi camfi, domin akwai irinta. Amma in kullum labarin sai ya ba ta gaskiya, ka tashi daga mai nuna al'ada ka koma mai tallar ta. Ga shi kuma kowane ɗan Islamiyya ya san Manzon Allah (SAW) ya hana shu'umci, ya koyar da istihara da addu'ar tafiya. Hukumar tace finafinai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, ta fi shahara wajen sa ido kan rawa da sutura. Shin gyara aƙida bai kai gyaran ɗankwali ba?

'Yan fim sun fi kowa sanin ɗacin hanya. Ranar 1 ga Janairu, 2007 muka rasa Ahmad S. Nuhu a haɗarin mota, Allah ya ji ƙan sa. Ajali na Allah ne, amma sababin haɗurra a titunanmu ba ɓoyayye ba ne: gudun wuce sa'a, lodin da ya fi ƙarfin mota, tsohuwar taya, direban da bai yi barci ba. Waɗannan su ne alamun da ya kamata fasinja ya koyi karantawa a tasha.

Saboda haka ina ƙalubalantar daraktocinmu. Ku yi mana fim ɗaya tak da uwa za ta ji faɗuwar gaba, a kai ta asibiti a auna jininta, ɗan kuma ya duba tayar mota kafin ya shiga. In kun iya sa wannan ya riƙe ɗan kallo, sannan za mu yarda kun iya ba da labari.