Maganin Da Ke Cikin Harshen Saniya

Jama'a, kowane makiyayi ya san irin abin da saniya ke ci da rani: busasshen kara, da tattaka, da ganyen ƙaya. Kullum harshenta cikin yankewa yake, ga bakinta kuwa cike da ƙwayoyin cuta, amma da wuya ka ga raunin ya yi ruwa. A shekarar 1995 likitoci a Amurka suka binciki harshen shanu, suka tarar fatarsa tana fitar da wani sinadari mai kashe ƙwayoyin cuta, kuma inda aka ji rauni nan ya fi yawa.

Shugaban masu binciken nan, Dakta Michael Zasloff, da ma ya fara ganin irin wannan a jikin kwaɗo. Yana tsaga cikin kwaɗin Afirka domin wani aiki dabam, ya ɗinke, ya mayar da su cikin ruwa mai dauɗa, sai ya lura suna warkewa sarai. A 1987 ya fitar da sinadarin daga fatarsu, ya sa masa suna magainin. Kafin shi, a 1981, Hans Boman na ƙasar Suwidin ya sami irinsa a jikin wata tsutsar siliki. Yanzu an san dubbai, a jikin kaza da tunkiya da kifi da mutum.

Su dai gajerun furotin ne, masana na ce musu feftaid. Yadda suke aiki abin sha'awa ne. Fatar ƙwayar cuta tana jan su kamar yadda mayen ƙarfe ke jan allura, su manne mata, su huda ta, abin da ke ciki ya tsiyaye kamar salkar da ƙaya ta soke. Naman jikin dabba kuwa ba ya jan su haka. Da yake bangon kansa suke rusawa, ƙwayar cuta tana shan wuya kafin ta koyi kauce musu.

To, wannan ya sa waɗansu ke cewa mu kwantar da hankali, in kafso da allurar yau sun daina ci, ga sabon magani nan tafe. Ni ban yarda ba.

Da fari dai, mayar da su maganin kanti ba sauƙi. Tsada gare su, kuma in an haɗiya ciki yakan narkar da su kamar nama. Man shafawar da aka yi daga na kwaɗo, hukumar magunguna ta Amurka ta ƙi ba shi izini a 1999.

Na biyu shi ne babba. Akwai wani magani wai shi kolistin, shi ma feftaid ne, amma daga wata ƙwayar cikin ƙasa aka samo shi. Likitoci suna ajiye shi sai wanda duk sauran magunguna suka kasa. Masu manyan gonaki a Sin suka dinga zuba shi cikin abincin dabbobi, ba don ciwo ba, don ƙiba kawai. A 2015 aka sami ƙwayoyin da ba sa jin sa, har suna miƙa wa juna wannan taurin kai, ba da jimawa ba kuma aka gan su a ƙasashe da yawa. Sin ta hana wannan a 2017, amma aikin gama ya gama. Abin tsoron, wannan dabara ta canja fata da ƙwayar ta koya tana rage kaifin makaman da jiki ke yi da kansa ma. Watau ɓarnar ba a kwalba ta tsaya ba.

Mu ma nan haka muke yi, ko da yake a ƙaramin ma'auni. Mai kaji ya fasa kafso cikin ruwansu kowace safiya, ko lafiyarsu ƙalau. Makiyayi ya yi wa sa rabin allura, ya ajiye saura don tsimi. Alexander Fleming, wanda ya gano fanisilin a 1928, tun a 1945 ya yi kashedi cewa ƙaramin awo ba ya kashe ƙwayar cuta, horar da ita yake yi. An ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 1.27 suka mutu a duniya saboda ƙwayoyin da magani ya daina ci. Ƙwayar da ta yi tauri a akurki kuwa tana iya bin ƙwai da nama da taki ta iso cikin gida.

A ganina mu fara tattalin makamin da muke da shi. Ɗan maraƙi ya sha daƙashi tun sa'o'in farko na haihuwarsa, kada a zubar wai ƙazanta ne, kariyar uwarsa ke ciki. A rage cunkoso a akurki, a share kashi, a sauya ruwa. Annobar kaji ta Niyukasal, mai murɗe wuya, ba kafson da ke taɓa ta. Rigakafi ake yi, ana kuwa yin sa a Vom. In dabba ta kwanta a kira malamin dabbobi, a ba da cikakken awo har kwanakin su cika, a kuma dakata da sayar da nono da ƙwai har wa'adin da aka rubuta a jikin kwalba ya wuce.

Hukuma kuwa, ranar da sababbin magungunan nan suka iso, lalle a hana zuba su cikin buhun abincin kaji tun kafin 'yan kasuwa su saba.