Tambuwal da Kebbe: A hunturu ake ceton bangon da zai faɗi a watan Agusta

Duk wanda ya bi titin Sakkwato zuwa Jega a 'yan kwanakin nan, ya ratsa Dogon Daji da Tambuwal, ko ya karya ya nufi Kebbe da Kuchi, zai ga abin da damina ta bar wa gidajenmu. Gindin katanga ya zaizaye, yaɓe ya ɓare, indararo ya karkace, ciyawar da ta tsiro a kan soro ta bushe a inda take. A ƙofar gida kuma an jibge karan dawa, kwata ta cika da leda da toka.

Ba wanda hankalinsa ya tashi, saboda ba hadari a gabas. An kai amfanin gona gida, sanyi ya shigo, kowa na ta neman rigar sanyi da man shafawa. Sai watan Agusta ya zagayo, a wayi gari a ji ɗaki ya rufta wa iyali cikin dare, a yi jaje, a jira kayan agaji daga hukumar NEMA ko ta jiha.

Ambaliya gaskiya ce, musamman a garuruwan da ke kusa da gulbin Zamfara, kuma akwai ruwan da ba ginin da zai tsaya masa. Amma ra'ayina shi ne, da yawa daga cikin gidajen da ke faɗuwa, ruwan sama ƙarasa su kawai yake yi. Tun watanni kafin nan sun riga sun nuna alama. Kuma lokacin da ya fi dacewa a yi maganin wannan alama shi ne yanzu, tsakanin Nuwamba da Fabrairu.

Me ya sa sai a hunturu? Aikin ƙasa ruwa yake ci, kuma a farkon hunturu kududdufai ba su ƙafe ba. Ciyawar da ake cakuɗawa da ƙasa da shucin jinka da karan danga duk suna nan a wadace. Manomi ya sayar da wani abu, akwai ɗan canji a aljihu. Rana ba ta yi zafin da za ta hana magini hawa soro ba. Wanda ya bari sai Afrilu zai tarar ruwa ya zama na saye, zafi ya haura digiri 40, kuɗin kaka sun ƙare, ga guguwar farkon damina da ke yaye kwano tana tafe. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Aikin kuma daga sama ake fara shi. A hau soro a tuge busasshiyar ciyawa, domin saiwarta ita ce ke buɗe wa ruwa hanya. A share ƙurar da iska ta tara a kusurwoyi, a toshe tsaga, a gyara gangaren rufi yadda ruwa ba zai kwanta ba. Indararo ya fito sosai, ya zubar da ruwansa nesa da bango. Wanda ya gajarta ko ya fashe, a jikin katanga yake tsiyaya har ya haƙa mata rami. A ƙwanƙwasa azara a saurara, in ta yi amon rami to gara ta riga ta shiga. Masu rufin kwano su duba ƙusar da ta ɗago da katakon da ya ruɓe. Dutse ko tsohuwar taya da ake ɗorawa a kan kwano ba gyara ba ne.

Daga nan sai gindin gini, inda mafi yawan bango ke fara mutuwa. Ruwan da ke fantsama daga ƙasa da danshin da ke hawa sama su ne ke cin wannan wuri, har katanga ta zama mai kauri a sama, siririya a ƙasa. A kankare abin da ya ruɓe, a jiƙa wurin, a cike da ƙasa mai kyau sannu a hankali, a bar kowane sashe ya sha iska kafin a ƙara wani. Iskar hunturu tana busar da yaɓe da gaggawa, shi ya sa gogaggen magini ke ƙara ciyawa a cikin kwaɓi, ya kuma yi aikinsa da safe ko da yamma. A ƙarshe a yi wa gindin bango tudu, ruwa ya gangara waje.

Akwai wani kuskure da ya zama ruwan dare a garuruwanmu: shafe bangon ƙasa da siminti, a ɗauka an gama da shi har abada. Siminti da ƙasa ba sa kama juna da kyau. Da zarar ya tsage, ruwa zai shiga ta baya ya rasa hanyar fita, ƙasa ta riƙa jiƙa a ɓoye, gara ta samu mafaka, mai gida kuwa yana kallon bango sumul yana murna. Iyayenmu makuba suke shafawa, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, masu hali kuma su sa laso, kuma sun san duk bayan 'yan shekaru sai an sabunta. Wanda ginin bulo gare shi ma bai tsira ba. In zai yi filasta a wannan yanayi, sai ya riƙa ba ta ruwa safe da yamma na kamar mako guda, in ba haka ba ta bushe kafin ta yi ƙarfi.

Kada wani ya ce ginin ƙasa ne ba shi da ƙarko. Babban masallacin Jenne a ƙasar Mali, wanda aka sake ginawa a 1907, na ƙasa ne, kuma yana tsaye ne saboda duk shekara mutanen garin kan fito kwansu da kwarkwatarsu su sake yaɓe shi. A nan kusa da mu, a yankin Tawa ta Jamhuriyar Nijar, masallacin Yama da aka fara ginawa da ƙasa a 1962 ya ci lambar yabo ta Aga Khan a fannin gine-gine a 1986. Sirrin dai ɗaya ne: kulawa a kan lokaci.

Bayan ruwa, sai wuta. Hunturu lokacin gobara ne, kuma abincinta a jikin gidajenmu muke tara mata shi. Karan dawa a jingine da danga, harawa a kan rumfa kusa da madafa, busasshiyar ciyawa kewaye da rumbu, ga jarkar fetur a zaure. Tartsatsi ɗaya daga kaskon jin ɗumi, ko tokar da aka zubar da sauran garwashi a cikinta, ya isa ya cinye noman shekara, domin iska na kaɗawa kuma komai ya bushe. A nisanta kara da harawa daga ɗakunan kwana da madafa, a share fili fetal kewaye da rumbu, a yayyafa wa toka ruwa kafin a kai ta juji. Wannan sharar tana kuma korar ɓera, wanda ke ɓarnar hatsi, kuma shi ne ke yaɗa zazzaɓin Lassa da ya fi tsananta a ƙasar nan a lokacin rani.

Sai maganar kwata. Yanzu ta bushe, yaro da shebur zai iya yashe ta cikin awa guda. A bar ta sai Yuli, ta zama laka mai wari da gidan sauro, ruwan da ya rasa hanya kuma ya koma gindin katangar maƙwabci. Abin da aka kwashe a kai shi nesa, kada a jibge a bakin kwatar iska ta mayar da shi. Tokar da takin dabbobi gona na jiransu, leda ce kawai ba ta da amfani a can.

Na san abin da za a ce. Matasa sun tafi cin rani, waɗanda suka rage suna fadama wurin albasa da shinkafa. Kayan gini sun yi tsada. A wasu ƙauyukan Kebbe matsalar tsaro ta sa shiga daji neman itace ko shuci ya zama kasada. Duk gaskiya ne, kuma ba za a ce wa wanda ya baro gidansa don tsira da rai ya je ya yi yaɓe ba. Amma ga wanda ke zaune a gidansa, yawancin abin da na lissafa ba ya bukatar buhun siminti ko ɗaya. Ƙasa da ciyawa da ruwa da hannu yake bukata. Kuɗin maginin kwana biyu kuwa bai kai kuɗin tayar da ɗaki daga tushe a tsakiyar damina ba, balle a yi maganar rai.

Inda hannu ya yi ƙaranci, a koma ga gayya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Masu unguwanni da dagatai su sa rana, ko da ɗaya a mako, a fara da gidajen tsofaffi da na matan da mazajensu suka rasu ko suka tafi cin rani. Ƙungiyoyin matasa da ke da rukunin WhatsApp na kowace unguwa su yi amfani da shi wajen wannan kira.

Ƙananan hukumomin Tambuwal da Kebbe su ma suna da nasu kason. Tsaftar muhalli da kwashe shara na cikin ayyukan da tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi. Dattawa ba su manta da duba-gari ba, wanda kan shiga lungu ya duba kwata da juji. A dawo da ma'aikatan tsafta kan aiki, a ware wuraren zubar da shara, a yashe manyan magudanan ruwa tun suna bushe. Hukumar NiMet kan fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara. A fassara shi da Hausa a karanta wa jama'a a kasuwanni da gidajen rediyo tun da sauran lokacin yin gyara. Rabon tabarma da buhun shinkafa bayan gida ya rushe ya fi wannan tsada, kuma ba ya dawo da wanda ya rasu.

Kai mai karatu, in ka ajiye wayar nan, fita ka zagaya gidanka ta waje sau ɗaya. Dubi gindin katanga, dubi indararo, dubi abin da ke jingine da rumbu. In kana birni ne ko wurin cin rani, kira gida ka tambaya, ka aika da kuɗin magini tun kududdufi bai ƙafe ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ruwan Agusta ma ta nan yake bi.