Kafin Ka Cusa Wa Tsohuwar Motar Tsere Ƙaton Inji, Duba Abin Da Ya Faru Da Cobra

Akwai sha'awar da ta daɗe tana cin masu son tsofaffin motoci, musamman a Amurka. Mutum zai samu ƙaramar motar tsere ta shekarun 1960, ya cire injinta, ya dasa mata ƙaton inji mai silinda 8 da Amurkawa ke kira big-block. Waɗannan injina suna kaiwa lita 6.5 zuwa 7.4, irin su 427 na Ford ko 454 na Chevrolet. Rurinsu kaɗai ya isa ya sa gashin jikinka tashi. Duk da haka, a ganina yawancin masu wannan aiki suna lalata motar ne, kuma tarihin motar da suke kafa hujja da ita ya nuna haka.

Motar ita ce Shelby Cobra. Asalinta AC Ace ce, ƙaramar mota mai kujera biyu da kamfanin AC ya fara ƙerawa a Ingila a 1953, da bodi na aluminiyam. A 1961 kamfanin Bristol ya daina yin injin mai lita 2 da ake saka mata. Sai Carroll Shelby, tsohon direban tsere ɗan Amurka, ya nemi AC su gyara motar yadda za ta ɗauki injin Ford. A 1962 Cobra ta fito da inji mai lita 4.3, daga baya aka koma mai lita 4.7 da aka fi sani da 289. Duka biyun ƙananan injina ne, kuma nauyinsu bai fi ƙarfin motar ba.

Da aka zo batun saka 427 mai lita 7, sai labari ya sha bamban. Ken Miles, direban gwaji na Shelby, ya jarraba shi a kan tsohon shasi a 1964, motar ta zama mai wuyar sarrafawa. Dole aka sake zana ta daga tushe. An ƙara kaurin manyan bututun shasi daga inci 3 zuwa inci 4. An cire sifirin mai falle, aka sa mai naɗi a ƙafafu huɗu. An faɗaɗa bodi don ya ɗauki manyan tayoyi, an kuma buɗe bakin gaba don lagireto ya sha iska. Cobra 427 da ta fito a 1965 da ƙarfin doki 425 kusan sabuwar mota ce, kamanni kawai ta gada. Kuma Shelby yana da injiniyoyin Ford da na AC a bayansa. Wanda ke aiki a garejin gidansa ba shi da su.

Ga wani abin da ba a cika faɗa ba. Lokacin da Shelby ya doke Ferrari ya ɗauki kambin duniya na ajin GT a 1965, da motocin Cobra masu ƙaramin inji 289 ya yi, ciki har da Daytona Coupe. Wato inda ake neman nasara ta gaskiya, a kan hanya mai kwanoni, ƙaramin injin ne ya kawo kofi.

Dalilin ba boyayye ba ne, nauyi ne. Ƙaton injin Chevrolet na ƙarfe ya haura kilo 300, ya fi ƙaramin ɗan'uwansa da kusan kilo 50. A mota mai nauyin tan ɗaya, wannan ƙari duk a kan tayoyin gaba yake sauka. Ka juya sitiyari a kwana, hancin motar ya ƙi bi. Ka taka totur don ka gyara, baya ya zame. Birkin da aka yi don ƙarfin doki 120 ba zai tsayar da 400 ba. Giyabos da aksul na baya ma haka, ko dai ka canza su, ko su karye maka a hanya. Sai zafi: inji ya cika ɗaki taf, iska ba ta zagayawa, ƙafafun direba suna gasuwa.

Ingila ta ba mu darasi biyu a kan mota ɗaya. A 1967 kamfanin MG ya saka wa bodin MGB inji mai silinda 6 na ƙarfe, aka kira ta MGC. 'Yan jarida suka yi ta sukar nauyin gabanta, kuma a 1969 aka daina yin ta. A 1973 suka saka injin Rover mai silinda 8 da lita 3.5, wanda aka yi da aluminiyam. Wannan injin bai kai ma asalin mai silinda 4 nauyi ba, don haka motar ta samu ƙarfi ba tare da ta rasa daidaitonta ba.

Masu son ƙaton inji suna da tasu hujjar, kuma ba zan raina ta ba. Suna cewa babu abin da ke ba da irin wannan fizgar tun daga ƙasa, kuma motar mutum tasa ce. Gaskiya ne. Akwai ma inda aikin ya dace. Chevrolet da kanta ta fara saka wa Corvette injin 396 a 1965, sai 427 a 1966, sai 454 a 1970. Wanda ya samu Corvette ta lokacin da injinta na asali ya ɓace, ya saka mata irin wannan, bai yi laifi ba, domin shasin ya san nauyin. Haka wanda ya sayi kwaikwayon Cobra da ake sayarwa a harhaɗa, tunda don haka aka gina shi.

Inda nake ja shi ne mota mai tarihi wadda har yanzu take da injinta na asali. Masu tara irin waɗannan motoci suna duba ko lambar inji ta dace da ta shasi, kuma farashi yana faɗuwa idan ba su dace ba. Cobra ta asali ba ta wuce kusan 1,000 da aka ƙera ba. Da zarar ka yanka shasi don inji ya shiga, ka yi abin da ba ya komawa. Idan ƙarfi kake nema, tun 1997 Chevrolet ke yin injinan LS na aluminiyam, masu ƙarfi da sauƙin nauyi.

Mu ma nan mun san sauya inji, domin bakanikenmu ba sa barin tsohuwar mota ta mutu. Ƙa'idar ɗaya ce ko a Kano ko a Kalifoniya. Kafin ka tambayi bakanike ko injin zai shiga, tambaye shi nauyinsa, da birkin da zai tsayar da shi, da lagireton da zai sanyaya shi a zafin Afrilu. Idan bai da amsar waɗannan uku, bar motar da injinta.